Malamin gona ya iso mazaɓa: da me ƙungiya za ta fara a ƙasar jigawa?

Nura (Sandamu): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da aka ɗauki malaman gona 722, biyu a kowace mazaɓa cikin 361 ɗin jiharmu ta Katsina, jama'a da yawa sun ɗauka aikinsu rubuta sunaye ne don rabon taki. Idan ƙungiyar matasa mai mutum talatin tana son ta ci moriyar malaminta a daminar bana, da me za ta fara? Ƙasar jigawa ce, gero da wake da gyaɗa ake yi, sai ɗan riɗi.

Malam Lawal: Wa'alaikumussalam Nura. Ku fara da gonar gwaji, ku bar maganar rabo. Manomi ba ya sauya noman da ya gada don an yi mashi bayani a ƙarƙashin bishiya, gani ya kori ji. Amma wurin kafa ta ne ake yawan ɓata ta.

A nemi gona a bakin hanyar kasuwa ko ta masallacin Juma'a, inda ƙafa ba ta yankewa. Kada a zaɓi wadda ta fi kowace kyau a garin, kada a zaɓi tsohon makwancin shanu ko gindin gawo, domin ranar girbi za a ce ai ƙasar ce mai ƙarfi, kuma an faɗi gaskiya. A auna fili biyu kafaɗa da kafaɗa, kowane mita 20 tsawo, 20 faɗi, a bar hanyar mita ɗaya a tsakani. Ɗaya mai gonar ya noma shi yadda ya saba, ɗayan a bi abin da malamin gona ya kawo. Rana ɗaya za a shuka su, rana ɗaya za a yi masu firi da maimai. Duk abin da fili ɗaya ya bayar, a ninka shi sau 25, shi ne na hekta.

Sannan abu ɗaya ko biyu kawai za a sauya. In an sauya iri da tazara da taki da magani a lokaci guda, ko gonar ta yi kyau ba wanda zai san wanne ya yi aikin, kuma talaka zai ce wannan noman masu kuɗi ne.

Alhaji Sada (Funtuwa): Na yarda da Malam. Mu nan tun shirin Bankin Duniya na 1975, da Funtuwa ta kasance cikin wurare uku na farko tare da Gusau da Gombe, da wannan hanyar aka yaɗa noman masara a ƙasar nan. Daga baya ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa ta ƙara gyara ta. Ga lissafin: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, tushe 53,000 da ɗoriya a hekta, iri kilo 20. NPK 15-15-15 buhu 8 cikin kwana goman farko, yuriya buhu biyu da rabi a mako na huɗu zuwa na shida, a binne.

Malam Lawal: Alhaji, ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, amma na Funtuwa da Bakori da Ɗandume ne, inda ruwa kan kai milimita 1,000 ko ya wuce, ga ƙasa mai riƙe laima. Nura yana magana ne kan ƙasar Daura, inda milimita 600 ma sai an gode Allah, ruwa ba ya zama sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, kafin Satumba ta ƙare ya ɗauke. A zuba buhu goma a rairayin Sandamu ko Baure, ruwan marka ya wanke rabi zuwa ƙasa, in kuma aka samu tsayawar ruwa ta mako biyu sauran ya ƙone shukar. Babbar illar da ake yi wa manoman arewacin jihar ita ce a karanto masu takardar da aka rubuta don kudanci. Ba don kwalliya hukumar raya noma ta jiha, KTARDA, ta raba jihar shiyyoyi ba, Ajiwa da Dutsin-ma da Funtuwa.

Alhaji Sada (Funtuwa): To ai akwai masara mai saurin nuna daga cibiyar binciken noma ta Samaru, ta kwana 80 zuwa 90.

Malam Lawal: Akwai, kuma tana yi a bayan gida da bakin fadama inda takin gida ya jiƙa ƙasa. Amma gonar gwaji ta farko a yi ta a kan abin da kowane gida ke ci. Gero.

Usman (Mai'aduwa): Bari in ba da ma'aunin geron. Cikakken takin da masana suka tsara shi ne NPK buhu 4 da yuriya kilo 65 a hekta, wato kilo 8 da kilo biyu da rabi a filin gwaji. Mutum nawa ne za su iya sayen wannan? Shi ya sa na fi son a gwada takin murfin kwalba, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi aiki a kansa a Nijar. Murfin kwalbar lemo a shafe yana ɗaukar giram 6 ko kusa da haka na NPK, shi ake ba kowane rami.

Inda ake kuskure shi ne a ce "buhu ɗaya ya ishi hekta" ba a faɗi tazara ba. In mita ɗaya ne kowane ɓangare, ramuka 10,000 ke nan, kilo 60, buhu ɗaya da ɗan ƙari. In kuwa 75 da 50 aka yi, ramukan sun haura 26,000, taki ya kai kilo 160, buhu uku da wani abu. Don haka a ƙirga ramuka kafin a tafi kasuwa. A tazarar mita ɗaya, filin gwajin ramuka 400 ne, taki kilo biyu da rabi ya ishe shi.

Kada takin ya taɓa iri. A yi ɗan rami a gefe, nisan yatsu uku, a zuba, a rufe da ƙafa. Kuma sai ƙasa da laima. Wanda ya yi binne kada ya haɗa da taki, ya jira tsiro. Bayan mako biyu a yi cira a bar tushe biyu ko uku a rami. Mai barin goma a rami don yana jin tausayinsu, kara zai girba.

Baba Iro: Yaran nan kuna ta lissafi, ba ku taɓo abin da ke sa manomi ya ƙi irinku ba. SOSAT gero ne mai kyau, idonsa manya, yana jure fari. Amma zangarniyarsa gajera ce in an kwatanta da zango. Wurin ɗauri tana wahala, damin kuma ƙarami yake fitowa. Mu kuwa da dami muke ƙirga arziki, har zakka da shi ake lissafi. Mutum ya ga filinku dami shida, na gargajiya dami takwas masu tsawo, ya juya ya tafi, ya gama yanke hukunci. Sannan in shi kaɗai ya nuna a unguwa, duk tsuntsun yankin a kansa zai kwana. Ga kara: ana danni da shi, ana jinka, dabba na ci. Malamin da bai tambayi wannan ba bai san aikinsa ba.

Usman (Mai'aduwa): Baba, maganarka dutse. Shi ya sa ba a rufe gonar gwaji da ƙirgar dami. A sussuke kowane fili daban a gaban jama'a, a sheƙe, a ɗora a sikeli, in babu sikeli a auna da tiya ɗaya tak. Karan ma a tara a gani. Batun tsuntsu kuma, 'yan ƙungiya biyar ko shida masu gonaki kusa da juna su shuka irin tare, ɓarnar ta rarrabu.

Baba Iro: To haka ya fi. Kuma a sani gero na ɗaukar ƙurar furen na maƙwabta. Shekara uku ana maimaita shi, ya koma gauraye, sai a ce irin ƙarya ne. A sabunta shi.

Malam Lawal: Tun da an zo kan iri: kada malam ya kai wa mutane abin da bai gwada tsirarsa ba. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Kwana bakwai a buɗe a ƙirga. In 85 ko fiye suka tsiro, a shuka. In tsakanin 70 da 84 ne, a ƙara yawan iri a rami. Ƙasa da haka a mayar wa mai shi. Gyaɗa da waken suya ne suka fi saurin mutuwa a ajiya, musamman gyaɗar da aka ɓare tun kaka. A duba takardar hukumar iri ta ƙasa a jikin leda, domin ana rina hatsin kasuwa da jan kala a sayar a matsayin ingantacce. Maganin wanke iri irin su Apron Star, ƙulli ɗaya na giram 10 na kilo 4 ne na iri. A ɗan jiƙa irin, a girgiza a cikin leda ko gwangwani, ba da hannu tsirara ba, kuma ba a ƙwaryar da ake cin abinci ba.

Malama Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa, har yanzu maganar ba ta shiga cikin gida ba. Hatsin nan da za ku auna, a hannun wa yake ƙarewa? Mata ke ɓare gyaɗa, su ke matse mai su yi ƙuliƙuli, awaki da kajin gida nasu ne, wake a ɗakinsu ake ajiye shi. Malami namiji kuwa iyakarsa zaure. Abin da ya faɗa wa maigida, rabi ne ke isa ciki, shi ma a karkace. Akwai sashen mata a hukumomin noma tun ƙarshen shekarun 1980, amma in babu malama a mazaɓa sunan kawai ya rage. Nura, ƙungiyarku ta nemi a haɗa ta da malama, a yi zaman mata a gidan mai unguwa ko makarantar Islamiyya, da hantsi bayan an sallami yara.

Darasin farko ya zama ajiyar wake a buhun PICS, mai hana iska shiga, domin shi ne ke hana zuba guba a abinci. A shanya waken ya bushe ƙayau, in an ciza ya fashe da ƙara. A sheƙe a fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa, su ke huda leda. Buhun leda biyu ne a ciki da na saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura iska a kowace leda a matse a ji ko tana zurara. A zuba kaɗan a ta ciki ta zauna daidai, sannan a cika, a bar wurin ɗauri. A matse iska ta fita, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure. Ta biyu ma daban, na waje daban. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri ɗaya su ne ke cewa buhun ba ya aiki. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Na ci a gida a ware shi a jarka mai murfi. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba wani magani a jikin ledar.

Dakta Aminu: Malama ta taɓo inda ke mani ciwo. Maganin ƙwari da ake kwarara wa wake a rumbu da shaguna, irinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Wanda Turawa suka ƙi, mu muke ci da 'ya'yanmu. Ƙwayar hayaƙin nan kuma da ake jefawa a buhu, kada a kuskura a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana, tana kisa.

Ga abin da malama za ta iya ƙarawa a zaman mata. Cutar Newcastle mai share kaji da hunturu tana da rigakafi daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya a ido ɗaya, kowane wata huɗu, har 'yan tsaki. Yana jure zafi fiye da sauran, amma ba a barinsa a rana, a naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma in an haɗa shi da ruwa a gama da shi a ranar. A yi kafin iskar hunturu ta fara, domin kazar da ta riga ta kamu rigakafi ba ya warkar da ita, sai ma a ɗora mashi laifin mutuwarta. Awaki da tumaki kuma allurar cutar PPR, mai sa zawo da majina, daga wata uku zuwa huɗu da haihuwa, tana kare dabba kimanin shekara uku. Dabbar da aka sayo daga kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi a ɗaure ta daban mako biyu kafin ta shiga cikin na gida.

Nura (Sandamu): Allah ya saka. Yaya Kabir, matasanmu da yawa ba su da gonar kansu. Ina wurinsu a wannan tsari?

Kabir: Ƙanena, wurinsu feshi, in za su koye shi a matsayin sana'a. Yawancin masu goyon famfo ba su taɓa auna abin da suke fesawa ba, murfi biyu ko uku ne kawai a kowane tanki, ko wane magani ne. Ga abin da malam zai koya masu cikin awa ɗaya. A auna mita 10 da 10. A zuba ruwa zalla lita 5 a tanki, a fesa filin da irin tafiyar da aka saba, a auna abin da ya rage. In lita 2 ta tafi, hekta na cin lita 200. Tanki mai lita 16 zai cika sau goma sha biyu da rabi. In takardar maganin ta ce lita ɗaya a hekta, kowane tanki mililita 80 ke nan. Kowa ya yi nasa awon, saboda saurin tafiya da bakin famfo sun bambanta.

Bakin famfo iri biyu ne: mai shimfiɗa ruwa na ciyawa, mai zagaye kamar hazo na ƙwari. Famfon da aka yi maganin ciyawa da shi a wanke da sabulu sau uku kafin a shiga wake. Atrazine maganin ciyawar masara da dawa ne, gonar da aka yi gicci da wake ko gyaɗa kada a kai shi. A yi feshi da sassafe ko la'asar sakaliya, a ba iska baya, da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a juye a tanki, a huda ta, don kada ta koma ta man gyaɗa.

Usman (Mai'aduwa): A ƙara da cewa wake ba kullum ake fesa shi ba. Lokuta uku ne masu muhimmanci: fitowar ƙullin fure, cikar fure, da kama 'ya'ya. Shi kuma SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, tsutsar da ke huda kwanson wake kaɗai yake karewa. Darɓa da ƙwarin fure da masu tsotse 'ya'ya suna nan, yana son feshi kamar sau biyu. Masu cewa ba ya son magani sam suna jawo wa mutane asara.

Alhaji Sada (Funtuwa): Ba a yi maganar wuta-wuta ba, ko ba ta dame ku can?

Malam Lawal: Ta dame mu ƙwarai, Alhaji, ita ce shaidar ƙasa ta gaji. Tushe ɗaya na zubar da 'ya'ya dubbai, suna kwana a ƙasa fiye da shekara goma, don haka a tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar a ƙone. Wanda ya tuge mai fure ya yar a kunya, shuka ta ya yi. Ta gero da dawa daban take da ta wake. Gyaɗa da waken suya na sa 'ya'yan ta hatsi su tsiro su rasa abin kamawa su mutu, shi ne amfanin juya shuka. Ta wake kuma akwai SAMPEA 14 da 15 masu jure ta. A shekara ta biyu sai a gwada layi biyu na gero, huɗu na wake, shekara mai zuwa a musanya masu wuri. Ga hatsi, ga harawa.

Baba Iro: Duk takin buhun nan, in babu na gida a ƙarƙashinsa jigawa ba ta riƙe shi. A kai taki da amalanke tun rani, wanda ya ruɓe, ba ɗanye ba, in bai isa gona duka ba a zuba cikin hannu ɗaya a kowane rami. Kuma ku daina aske gona ƙwal da bazara. Mutanen Maraɗi, 'yan uwanmu ne, tun shekarun 1980 suke sassaben zamani: kututturen kalgo ko sabara ko gawo in ya toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Yana tare iskar da ke binne tsiron gero da rairayi a farkon damina. Wannan ba ya son ko sisi.

Kabir: Baba, matsalarsa masu saran itace da dare da dabbobin da ake saki bayan kaka.

Baba Iro: Shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai mai gari ya sa baki, an yi shela, an zauna da makiyaya.

Malama Hadiza: Tambaya ɗaya ga Malam Lawal. Mazaɓa ɗaya ƙauyuka nawa ce, malamai biyu za su zagaye ta?

Malam Lawal: Ba za su iya bin gida gida ba, Malama. Tsohon tsarin horo da ziyara ya san da haka: malam na da ranar da aka san zai zo kowane gari, yana aiki da zaɓaɓɓun manoma kaɗan, su kuma su kai wa saura, shi ma duk mako biyu ana tara su a ƙara masu sani. Abin da ya kwantar da tsarin shi ne da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare, man babur da horon suka tsaya. In ba a kula da waɗannan biyun ba, sabbin ma haka za su zauna a sakatariya. Abin da ke hannun ƙungiya shi ne ta tsayar da rana ɗaya a mako biyu, ta tara mutanenta a bakin gonar kafin ya iso, ta riƙe littafi: ranar ruwan shuka, ranar shuka, taki nawa, kuɗinsa, kuɗin ƙwadago. A kira gari sau uku, bayan cira, lokacin fitar kai, da ranar awo. Ranar awo a cire kuɗin taki daga ƙarin da aka samu, a farashin kaka, ba na bazara ba. In naira ɗaya ba ta dawo da biyu ba, kada a ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya bi, domin shekarar fari na nan zuwa.

Nura (Sandamu): Saura abu ɗaya da ka iya kawo rigima: amfanin da aka girba a filin gwajin na wa ne, mai gona ko ƙungiyar da ta sayi iri da taki?

Alhaji Sada (Funtuwa): A yanke wannan tun kafin a sa sungumi, a gaban mai unguwa, a rubuta a littafin. Abin da ya fi zama lafiya: hatsin da karan na mai gona ne tun da ƙasarsa ce da guminsa, shi kuma ya mayar wa ƙungiya kuɗin iri da taki da hatsi a ranar awo. Sharaɗi biyu a kansa: ba zai ƙara wa kowane fili wani abu a ɓoye ba, kuma ba zai yanki ko zangarniya ɗaya don tumu ba sai an auna. In wake ne ko gyaɗa, ƙungiya ta karɓi nata kason a matsayin iri ta raba wa mutum biyar na gaba, tun da su ba sa gauraya da na maƙwabta kamar gero.